Babi na Biyar: Haske a Sama, Abinci a Ƙasa

Wanda ya bar Madawa ya nufi Buza, ko ya bi ta Azarori ya haura tudun Adar, in ya ɗaga kai ya dubi duwatsun da suka kewaye kwaruruka zai ga ba launi ɗaya gare su ba. Can bisa akwai baƙin dutse mai jaja-jaja, cike da ƙarfe, wanda ya rufe kan tudun ya baje shi. Ƙasa da shi akwai wata laka mai ɓarewa falle-falle, sannan farin dutse mai ratsin rawaya. A cikin farin nan ne, inda ruwan damina ya zaizaye gefen kwazazzabo, ake tsintar katantanwar da ta zama dutse, da kwansunan dabbobin ruwa, da haƙoran kifi, da wasu dunƙulallun duwatsu masu zanen fure mai kunne biyar a gadon bayansu. Waɗannan na ƙarshe bushiyar teku ce, dabbar da ba ta iya zaman ruwan rijiya ko na tabki. Daga nan zuwa bakin teku mafi kusa kuwa ya haura kilomita 800.

Turawan mulkin mallaka sun yi tuntuɓe da su tun farkon zuwansu. A 1903 masanin duwatsu Albert de Lapparent ya shaida wa majalisar masana kimiyya ta birnin Paris cewa an samo kwansunan dabbobin teku a Tamaske, wadda yau take cikin gundumar Keita. Da shekara ta kewayo, F. A. Bather na gidan tarihin halittu da ke Landan ya yi bayanin bushiyoyin tekun da aka tsinto a Garadume, lokacin da Ingila da Faransa ke shata iyakar da ta raba ƙasar Hausa gida biyu. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa tsakanin shekaru miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, teku ya sha shigowa ta tsakiyar inda Sahara take a yau, ya ja da baya, ya sake dawowa. Ruwa ne mai ɗumi, mara zurfi sosai, ya kwanta a kan Adar da ƙasar Sakkwato da gabashin Mali. A cikinsa aka yi wani ƙaton ƙadangaren ruwa mai tsawon mitoci da yawa, wanda aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda a wajen Goronyo aka tono shi, da wani kada mai dogon baki, Sokotosuchus.

Dabba irin wannan kifi take ci. Kifin kuma ƙananan kifaye yake ci, su kuma suna cin abin da ya fi su ƙanƙanta. In aka yi ta bin sawu, sai an isa ga waɗanda ba su cin kowa, su ne kowa yake ci. Su ne masu gidan na ainihi, amma ba su bar ƙashi ko haƙorin da makiyayi zai tsinta ya sa aljihu ba.

Masana suna ce musu fitofilankton. Dangin gansakukar nan ne da ke mai da ruwan tabki kore a ƙarshen damina, sai dai kowannensu ƙwayar halitta ɗaya ce tak, tana yawo ita kaɗai ko cikin ƴar sarƙa, ba saiwa, ba kara, ba ganye. Ba su da ƙarfin ja da igiyar ruwa; inda ta kai su nan suke kwana. Aikinsu shi ne na kowane ganye: su kama hasken rana, su fasa ruwa, su haɗa da iskar kabon su ƙera sukari, su saki oksijin. A 1998 Christopher Field da abokan aikinsa suka tattara hotunan tauraron ɗan adam na tudu da na teku, suka lissafa cewa tsirran duniya suna kama kabon wajen tan biliyan 105 kowace shekara, kuma kusan rabin wannan a teku ake yin sa. Ga shi in aka ɗora duk fitofilankton na duniya a sikeli, ba za su kai kashi 1 cikin 100 na nauyin tsirran tudu ba. Kuka tana yin ɗaruruwan shekaru tana tara jiki. Su ba sa tara komai: a rabu biyu, a cinye, a sake rabuwa, har ya zamana cikin mako guda ko makamancin haka an maye gurbinsu kaf da sababbi.

Daga wannan lissafi aka samo maganar da ta cika littattafan makaranta, wai rabin numfashin da mutum ke shaƙa daga teku ya fito. Tana da daɗin ji, amma ni ba ta kwanta mini ba. Kusan duk oksijin da suke saki a shekara a cikin tekun yake ƙarewa: su da kansu suna shaƙa, dabbobin da suka ci su suna shaƙa, bakteriyar da ke ruɓar da gawarsu tana shaƙa. Wanda muke shaƙa tsohuwar ajiya ce. Ya taru ne saboda ɗan abin da ya kuɓuce wa ruɓewa, ya nutse ya binnu cikin laka ya bar oksijin ɗinsa a sama, kaɗan-kaɗan, tun wajen shekaru biliyan 2.4 da suka wuce, lokacin da kakanninsu sayanobakteriya suka fara cika sararin sama da shi.

Mai son gane yadda aka gina jikin waɗannan halittu sai ya riƙe matsala guda da suke kwana da ita suke tashi da ita. Haske yana sama, abinci yana ƙasa. Matsakaicin zurfin teku wajen mita 3,700 ne, amma hasken da zai isa a yi aiki da shi ba ya wuce mita 200 na bisa, ko a ruwan da ya fi kowanne tsabta. Taki kuwa, wato nitirojin da fosforas da ƴan uwansu, can ƙasa yake taruwa, domin duk abin da ya mutu nutsewa yake yi ya ruɓe a duhu. Ruwan bisa mai ɗumi ne, mara nauyi, yana zaune a kan mai sanyi, ba sa garwaya da sauƙi. Ƙwayar kuma ta ɗan fi ruwa nauyi: ta yi sake, ta nutse ta bar hasken. Abin da take nema sananne ne tun aikin da Ba'amurke Alfred Redfield ya fara a 1934, wanda ya kai ga lissafin da ake koyarwa har gobe: a jikin filankton, ɗaya na fosforas yana tafiya da 16 na nitirojin da 106 na kabon. Guda ya yanke, sauran sun tashi a banza. Manomin gero a jigawar Nijar ya san wannan ba da alƙalami ba, domin rashin fosforas ne babban ciwon ƙasarsa. Ko ya zuba yuriya, in babu shi, gero ba ya amsawa yadda ake so.

Dabara ta farko ita ce ƙanƙanta. Ƙwaya ta fatar jikinta take shan abinci, kuma gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon yadda fatar ke wadatar da cikin. Ga shi ƙaramin abu ba ya saurin nutsewa. Wadda ta kai wannan dabara maƙura ita ce Prochlorococcus. Sai an jera sama da 1,500 kafin a cika milimita ɗaya. Shi ya sa ta daɗe tana zurarewa ta ramukan komar masu bincike, har sai da Sallie Chisholm da Robert Olson da abokan aikinsu suka shiga jirgin ruwa da wata na'ura mai haska ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya da hasken leza, suka ga wani ɗan jan ƙyalli da ba su san mai shi ba. A 1988 suka buga labarinta. Ashe duk cikin masu rayuwa da hasken rana babu wanda ya kai ta yawa a duniya: cokalin shayi ɗaya na ruwan teku mai ɗumi yana iya ɗaukar rabin miliyan.

Talaucin wurin ya sa ta zubar da duk kayan da za ta iya rayuwa babu su. Wasu irinta ƙwayoyin gado 1,700 kacal gare su, alhali ɗan adam yana da wajen 20,000. Cikin abin da ta yar har da makarin wata guba. Hasken rana yana haifar da haidurojin-feroksaid a saman teku, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a asibiti, kuma galibin halittu suna da sinadarin karya shi. Ita babu. Maƙwabtanta bakteriya ne ke share gubar don amfanin kansu, ita kuma ta laɓe a bayansu. In aka raba ta da su a kwalbar gwaji, aka bar ta tsiraru, sai ta mutu.

Prochlorococcus bakteriya ce, cikinta fili ɗaya ne babu ɗakuna. Manyan ƴan uwanta suna da cibiya inda aka adana kundin gado, da wani ɗaki na musamman, kulorofilas, inda ake aikin haske. Asalin ɗakin nan haɗiya ce da ba ta narke ba. Sama da shekaru biliyan 1 da suka wuce wata ƙwaya mai farauta ta haɗiye sayanobakteriya, abin da aka haɗiye ya ci gaba da aikinsa a ciki, har ya zama ɗan gida. Lokacin da Lynn Margulis ta rubuta wannan bayani, mujallu fiye da goma suka mayar mata da takardarta kafin a buga ta a 1967. Yau babu mai jayayya. Daga wannan haɗiya guda aka samu koren gansakuka da ja, aka samu gero da dawa da kuka. A teku abin bai tsaya nan ba. Wata mafarauciyar ta sake haɗiye jar gansakuka sukutum da ɗakinta, shi ya sa in aka duba kulorofilas ɗin manyan fitofilankton za a ƙirga fata uku ko huɗu a kewaye da shi, na ganyen dawa kuwa biyu ne. Da yawansu ma ba su tuba da farauta ba, musamman dinofilajelat masu wutsiya biyu: in akwai haske su yi noma, in babu taki su cinye maƙwabci. A 2024 aka sanar da cewa wata mai suna Braarudosphaera bigelowii ta mai da wata bakteriya mai kama nitirojin ɗakin jikinta, abin da ba a taɓa gani a wata halitta mai cibiya ba.

Ko iskar kabon ɗin ma sai da wayo. A ruwan teku, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na kabon ne yake a siffar da ƙwaya za ta yi amfani da shi kai tsaye. Saura galibi bayikabonet ne. Sinadarin da ke kama kabon, Rubisko, ma'aikaci ne mai nawa, ƴan ƙwayoyi kaɗan yake sarrafawa a daƙiƙa, kuma yakan ruɗe ya kama oksijin. Sai yawancin fitofilankton suka tara shi wuri guda a tsakiyar kulorofilas, suna turo masa kabon da ƙarfi har ya ishe shi. Masu bincike suna ƙoƙarin dasa wannan dabara a shinkafa da alkama. Gero da dawa da masara ba su buƙata, suna da irin tasu, wadda ke cikin dalilan da suka sa suke jure zafinmu.

Idan taki ya samu, sarautar teku ta dayatom ce, kuma a kanta ya kamata mu ɗan zauna. Dayatom a cikin gilashi take. Tana tsotso silika daga ruwa, sinadarin da ke cikin yashi, ta zuba shi a wata jaka cikin jikinta, ta ƙera bango mai ƙananan ramuka jere reras, kowane iri da zanensa. Masana'anta sai ta hura wuta ta kai wajen digiri 1,500 kafin ta yi gilashi. Ita a ruwan sanyi take yi. Gidan ɓari biyu ne, kamar kwanon samira da murfinsa, ɗaya ya ɗan fi girma ya rufe ɗayan. Matsalar tana zuwa wajen rabuwa. Kowace ƴa tana ɗaukar ɓari guda, kuma ko wanne ta samu murfi take mai da shi, ta ƙera sabon gindi a cikinsa. Wadda ta gaji murfi ta fito daidai da uwarta. Wadda ta gaji gindi ta fito ƙarama. Haka za a yi ta tafiya, zuriya tana tsukewa, har wasu su koma rabi ko sulusin girman kakarsu. A nan sai su daina rabuwa su yi barbara: ƙwayoyi biyu su haɗu, abin da aka samu ya yar da tsohon gilashin, ya kumbura ya kai cikakken girma, ya ƙera sabon gida, a koma farko.

Me ya sa za ta ɗauki wannan nauyi, ita da nutsewa ce abokiyar gabarta? Saboda masu cin ta. Akwai wasu ƙananan dangin jatan lande, kofefod, da ba su wuce ƙwayar gero ba, waɗanda da dare suke hawowa daga zurfi su yi kiwo, da asuba su koma. Gilashin yana ba su wuya, har wasunsu suka sa silika a bakin haƙoransu don fasa shi. Nauyin kuwa tana rage shi da wata babbar jakar ruwa a cikinta, inda take fitar da gishiri mai nauyi ta bar mara nauyi, kuma a nan take ɓoye nitirojin in ta same shi da yawa, ta hana wasu. Tana iya rabuwa sau ɗaya a yini ko fiye. Da wannan, dayatom kaɗai suna yin wajen kashi ɗaya cikin biyar na duk aikin hasken da ake yi a duniya. In silika ta ƙare sai su manne da juna su nutse. Su da kashin kofefod da sauran tarkace suna saukar da kabon tan biliyoyi zuwa zurfi kowace shekara, inda wani sashe nasa zai yi ɗaruruwan shekaru bai ga sama ba. An ƙiyasta cewa ba don wannan saukarwa ba, da iskar kabon da ke sama ta ƙaru da kusan rabin yadda take yanzu.

Kokolitofo kuwa alli ta zaɓa. Tana ƙera wasu fayafai na farar ƙasa a cikin jikinta, ɗaya bayan ɗaya, ta turo su waje ta lulluɓe kanta da su. In suka yi yawa ruwa yakan koma fari-fari har a gani daga tauraron ɗan adam; a 1991 wata irinsu, Emiliania huxleyi, ta rufe murabba'in kilomita 250,000 a kudu da Aisilan. Abin da ke kawo ƙarshen irin wannan cika sau da yawa ƙwayar bairos ce, ta bi su ta farfasa cikin ƴan kwanaki. Fararen duwatsun Doba na bakin tekun Ingila tarin fayafansu ne. (Allin da malamin boko ke rubutu da shi a yau galibi ba nasu ba ne, na jibsim ne.)

Zamanin da kokolitofo suka fi bunƙasa shi ne zamanin da teku ke kwance a Adar, kuma a tsakiyarsa masifa ta auku. Shekaru miliyan 66 da suka wuce wani dutse mai faɗin kilomita 10 ya faɗo a yankin Yukatan na Meziko, ƙura da hayaƙi suka tare rana. Halittar da ba ta da ajiyar da ta wuce ta ƴan kwanaki ba ta jure duhu. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ire-iren kokolitofo suka shafe. Dayatom da dinofilajelat sun fi tsira, domin da yawansu suna iya rufe kansu su kwanta a laka su jira. Duwatsun Adar sun riƙe ɓangarorin biyu na labarin. A shimfiɗar ƙasa, wadda masana suka sa wa sunan Farin Dutsi, akwai naɗaɗɗun kwansunan amonit da ƙasusuwan manyan ƙadangarun ruwa. A ta bisa, farar ƙasar Garadawa, akwai bushiyar teku da katantanwa da dangin amonit da ake kira notilus, amma amonit ko ɗaya babu, ƙadangarun ma babu. Masana da dama suna ganin ƴaƴan amonit a saman ruwa suke tashi suna cin filankton, da abincin ya yanke suka bi shi.

Wannan farar ƙasa ta bisa ita ake fasawa a Malbaza tun shekarun 1960 ana yin siminti, ita ce kuma ta ɓulla a Kalambaina kusa da Sakkwato. Kada a ce alli ne irin na Doba. Ruwan nan bai yi zurfin haka ba. Galibinta kwansuna ne da ɓaraguzan dabbobin gindin ruwa, waɗanda suka rayu da abin da ke zubo musu daga bisa. Ana gasa dutsen a wuta mai zafin digiri 1,450, kuma kowane tan na gasasshen yana sakin wajen rabin tan na iskar kabon daga jikin dutsen kaɗai, ban da ta makamashi. Kabon ne da ya yi shekaru kusan miliyan 60 a kulle. Akwai kuma duwatsun fosfat na arewa maso yammacin Tawa, da irinsu a Dange ta jihar Sakkwato: dunƙule-dunƙule ne da ƙasusuwan kifi da kashinsu, fosforas ɗin da filankton suka tsinto daga ruwa ya bi ta cikin masu cin su ya taru a laka. Cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, da ICRISAT ta Sadore sun gwada niƙaƙƙen fosfat ɗin Tawa a gonakin gero, suka ga yana narkewa a ƙasa fiye da na yankin gandun dajin W, har ana iya watsa shi haka nan ba sai ya bi ta masana'anta ba.

Ruwan da ke tara fosfat haka ruwa ne mai albarka, kuma irinsa yana nan yau a gaɓar Maroko da Muritaniya da Senegal. Iskar arewa tana tura ruwan bisa ta nisanta shi da gaɓa, mai sanyi ya taso daga ƙasa da takinsa ya maye gurbi. A nan abinci yake iske haske. Dayatom su cika ruwa, sadin ya ci su kusan kai tsaye. Gajartar sarƙar ita ce sirrin, domin a kowane mataki wajen kashi tara cikin goma na abincin ɓacewa yake yi. Wurare irin wannan ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin teku ba, amma suna ba da wajen kashi ɗaya cikin biyar na kifin da ake kamawa. Gwangwanin kifin da ke kan teburin mai shayi a Madawa, in aka juya bayansa, sau da yawa Maroko za a gani. Abin takaicin shi ne tun wajen 2010 masana'antun garin kifi suka yawaita a Nuwadibu ta Muritaniya, suna niƙa kilo huɗu zuwa biyar na kifin talaka su fitar da kilo ɗaya na gari, a kai ƙasashen waje a ciyar da kifin kiwo da dabbobi.

Can tsakiyar teku babu mai taso da ruwa. A wasu yankunan ma, irin su tekun da ya kewaye Antatika, nitirojin da fosforas suna nan jibge amma ruwan bai cika ba. John Martin na Kalifoniya ya ce ƙarfe ne ya yanke musu. An daɗe ba a gane ba saboda jirgin binciken kansa ƙarfe ne, igiyarsa ƙarfe ce, duk ruwan da aka ɗebo ya riga ya gurɓata. Martin ya rasu a 1993, watanni kaɗan kafin abokan aikinsa su zuba narkakken ƙarfe a ruwan kusa da tsibiran Galafagos. Da aka maimaita a 1995 ruwa ya koma kore da dayatom cikin mako guda. Tun daga nan ake samun masu cewa a yi ta zuba ƙarfe a teku don a sanyaya duniya. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna yawancin kabon ɗin ba ya isa zurfi, ana cinye shi a hanya ya komo sama, don haka ni ban ga abin zumuɗi ba.

Atilantika ta arewa, wadda ke fuskantar Afirka ta Yamma, ba ta rasa ƙarfe, kuma mu ne dalili. A nan Trichodesmium take yawaita, sayanobakteriya mai zare-zare da matuƙan jirgi ke gani tana yawo a saman ruwa tuli-tuli. Tana kamo nitirojin daga iska da sinadari iri ɗaya da wanda ke cikin ƙullutun saiwar wake da gyaɗa da gawo, ta yi wa kanta taki ta bar wa wasu saura. Sinadarin nan mayen ƙarfe ne. An ga tulin Trichodesmium yana cafke ƙwayar ƙura, zaren yana miƙa wa zare har a kai ta tsakiya, a narkar da ƙarfen da ke jikinta.

Hazon da ke rufe Adar da hunturu, ya fasa leɓe, ya sa fitilar mota ta zama ja da rana tsaka, mafi yawansa daga gabas yake zuwa, daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da gudu. Wajen kwana 100 a shekara wurin yana tashin ƙura, babu inda ya kai shi a duniya. Shekaru 7,000 da suka wuce nan ne mafi zurfin tsohon Tabkin Chadi, lokacin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000, fiye da rubu'in Nijar ta yau. Farar ƙasar da tabkin ya bari gilasan dayatom ne, na ruwan daɗi, tsibi a kan tsibi, marasa nauyi, iska kaɗan ta ɗauke su. Irin wannan ƙasa tana nan a wajen Bilma da Fashi. Farin da uwargida ke sharewa a kan akwati da hunturu akwai gidajen dayatom a cikinsa. Charles Darwin ya tara irin ƙurar nan a jirgin Beagle kusa da tsibiran Kef Bad a 1832, Christian Ehrenberg na Balin ya duba ta a madubin ƙara girma ya ƙirga ire-iren halittu 67, galibinsu na ruwan daɗi, a ƙurar da ta faɗo tsakiyar ruwan gishiri.

A 2015 masu bincike na NASA suka auna da tauraron CALIPSO cewa ƙura tan miliyan 182 ce ke barin yammacin Sahara kowace shekara, tan miliyan 27.7 na sauka a dajin Amazon ɗauke da fosforas wajen tan 22,000, mai yawa kuma yana zuba a teku. An daɗe ana cewa rabin ta Amazon daga Bodele take. Binciken baya-bayan nan ya karkata ga hamadar Muritaniya da Mali, yana cewa ta Bodele da yawa tana faɗuwa tun ba ta bar Afirka ba. Wato a kanmu. Grant McTainsh ya auna zubarta a ƙasar Kano ya buga a 1980, kuma awon da aka yi a Nijar ya nuna ta fi yashin da take sauka a kai sinadaran taki.

Awo mafi daɗewa yana tsibirin Barbados, a ɗaya gefen tekun. A 1965 wasu masana suka kafa raga a bakin ruwa suna neman ƙurar sararin samaniya, sai ragar ta yi ta cika da jar ƙasar Afirka. Joseph Prospero na Jami'ar Miyami ya ɗauki aikin ya riƙe shi shekara da shekaru. Da farin 1973 ya zo, ƙurar ta haura. A 1983 da 1984, lokacin da fari ya watsa garuruwan Adar har aka kafa aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da tallafin Italiya, abin da ake tacewa a Barbados ya ninka na tsakiyar shekarun 1960 wajen sau huɗu. A 2003 Prospero da Peter Lamb suka jera awon ƙurar kusa da na ruwan saman Sahel, suka ga suna bin juna da tazarar shekara guda: damina ta yi kyau a nan, baɗi ƙura ta ragu a can, ta gaza, ƙura ta ƙaru, da ƙarfen da ke cikinta.